John Kennedy: Tattaɓa-kunnen ɗan gudun yunwa da ya shugabanci Amurka

Duk wanda ya taɓa ƙetare kogin Isa a birnin Yamai ya nufi Harobanda, ya san gadar Kennedy. Tun watan Disamba na shekarar 1970 da aka buɗe ta, mai tsawon mita 710, wadda kuma aka gina da taimakon kuɗin Amurka, sunan nan ya shiga bakin ƴan taksi da ƴan kasuwa da ɗaliban jami'a, har ta kai wasu yaran namu suna zaton sunan wuri ne kawai. To a filinmu na tarihin mashahuran mutane, yau mun kawo wa masu karatu rayuwar mai wannan suna, wato John Fitzgerald Kennedy, shugaban Amurka na 35, da kuma labarin shi kansa sunan, wanda asalinsa daga tsibirin Ayilan ya fito, yamma da Ingila.

Asalin sunan

A harshen mutanen Ayilan ana rubuta shi Ó Cinnéide, ma'ana zuriyar Cinnéide. Wannan shi ne sunan mahaifin Brian Boru, babban sarkin tsibirin da aka kashe a yaƙin Clontarf a shekarar 1014. Masana harshe sun yarda cewa farkon kalmar yana nufin kai, sai dai sun rabu a kan ƙarshenta, wasu suna fassara ta da mai mummunan kai, wasu kuma da mai kwalkwali a kai. Akwai wani gidan Kennedy daban a ƙasar Sikotilan, saboda haka ba duk mai sunan ne ɗan'uwan wani ba. Misali, Arthur Kennedy, mutumin Ayilan da Turawan Ingila suka naɗa gwamnan Saliyo a ƙarni na 19, da Anthony Kennedy da ya yi alƙalin kotun ƙolin Amurka daga 1988 zuwa 2018, ba gida ɗaya suka fito da shugaban da muke magana a kai ba.

Gidan su John ya samo asali ne daga ƙauyen Dunganstown, a yankin Wexford. A wancan zamani Ayilan tana ƙarƙashin mulkin Ingila, mafi yawan gonaki suna hannun manyan masu filaye, talakawa kuwa sun dogara ne da dankalin Turawa. Da wata cuta ta faɗa wa dankalin a 1845, sai aka shiga yunwar da ta ɗauki wajen shekara bakwai, inda mutane kusan miliyon ɗaya suka mutu, wasu fiye da miliyon ɗaya suka bar ƙasar, daga cikin al'ummar da ba ta wuce miliyon takwas da ɗoriya ba. Mu da muka ga 1973 da 1984 ba sai an yi mana dogon bayani a kan abin da yunwa ke sa magidanci ya yi ba. Cikin waɗanda suka hau jirgin ruwa akwai wani saurayi Patrick Kennedy, wanda ya sauka birnin Boston a 1849, ya kama sana'ar haɗa gangunan katako, ya auri Bridget Murphy, ita ma ƴar gudun yunwa. Bai daɗe a duniya ba, ya rasu ranar 22 ga Nuwamba 1858, ya bar mata ƙananan yara.

A Boston ta lokacin, suna irin wannan kaya ne mai nauyi. Manyan garin ƴan Furotesta ne masu asali da Ingila, suna kallon baƙin Ayilan, mabiya ɗariƙar Katolika, a matsayin jahilai mashaya da ba su cancanci komai ba sai dako da aikin gida. Bridget ta riƙe ƴaƴanta da ƙaramin kanti. Autanta, Patrick Joseph, ya fara da dako a tashar jiragen ruwa, ya tara kuɗi ya buɗe mashaya, daga nan ya shiga siyasar unguwa har ya kai majalisar jihar Massachusetts. Ɗansa Joseph, wanda aka haifa a 1888, shi ne ya shiga jami'ar Harvard, ya zama shugaban banki yana ɗan shekara 25, ya tara dukiya mai yawa a kasuwar hannun jari da harkar finafinai da shigo da barasa. A 1914 ya auri Rose, ƴar John Fitzgerald, tsohon magajin garin Boston, shi ma jinin Ayilan. Allah ya ba su ƴaƴa tara, maza huɗu, mata biyar.

Yaron da ba shi aka tanada ba

An haifi John ranar 29 ga Mayu 1917 a garin Brookline, shi ne na biyu a gidan. Mahaifinsu ya yi ta horar da ƴaƴansa a kan gasa da cin nasara, ko a wasa ko a muhawarar da ake yi kan teburin abinci, amma idonsa yana kan babban ɗa, Joseph ƙarami, wanda yake tanadi domin kujerar shugaban ƙasa. Shi kuwa John tun yana ƙarami mai yawan laulayi ne, ya sha kwanciya asibiti, kuma a kan gadon jinya ne ya saba da karatun littattafan tarihi. Ciwon baya ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa, sannan a 1947 likitoci a Landan suka gano yana da cutar Addison, wadda ke hana jiki samar da wasu sinadarai masu muhimmanci. Gidan ya ɓoye wannan magana daga jama'a har bayan mutuwarsa.

Lokacin da shugaba Roosevelt ya naɗa mahaifinsa jakadan Amurka a Landan a 1938, John ya samu damar zagaya Turai ana dab da fara yaƙin duniya na biyu. Abin da ya gani ya zama kundin kammala karatunsa a Harvard a 1940, wanda aka buga shi littafi a kan dalilin da ya sa Ingila ta yi sakaci wajen shirin yaƙi. A shekarar ne kuma tauraron mahaifin ya dushe, domin ya nace a kan a lallaɓa Hitler, yana kuma ganin Ingila ba za ta kai labari ba. Ya bar muƙamin jakada da baƙin jini, daga nan ya san cewa shi dai ba zai taɓa mulkin Amurka ba, sai dai ƴaƴansa.

Duk da rashin lafiyarsa, John ya shiga sojan ruwa a 1941. Ranar 2 ga Agusta 1943, cikin tsakar dare, a tsibiran Solomon da ke tekun Fasifik, wani babban jirgin yaƙin Japan ya bi ta kan ƙaramin jirgin da yake jagoranta, PT-109, ya raba shi. Mutum biyu daga cikin 13 suka mutu nan take. Sauran suka yi iyo na wajen sa'a huɗu zuwa wani ɗan tsibiri, John yana jan wani sojansa da ya ƙone, Patrick McMahon, ta hanyar cije igiyar rigar iyonsa da haƙori. Wasu ƴan tsibirin su biyu, Biuku Gasa da Eroni Kumana, su ne suka gano su, suka kai saƙon da John ya zana a bayan ɓawon kwakwa, aka zo aka cece su. Shekara ɗaya bayan haka, ranar 12 ga Agusta 1944, jirgin saman da yayansa Joseph yake tuƙawa maƙare da bama-bamai ya tarwatse a sararin Ingila. Daga wannan rana burin gidan ya dawo kan John.

Hawan matakalar siyasa

A 1946 ya ci kujerar majalisar wakilai daga Boston, da labarin jaruntarsa a baki da kuɗin mahaifinsa a baya. A 1952 ya kayar da Henry Cabot Lodge, ɗan ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen nan da suka raina kakanninsa, ya shiga majalisar dattawa. Ya auri Jacqueline Bouvier a watan Satumba 1953. A 1954 an yi masa tiyata a baya wadda ta kusa kai shi kabari, kuma a lokacin jinyar ne aka fara aikin littafinsa a kan wasu sanatoci masu ƙarfin hali, wanda ya ci lambar Pulitzer a 1957, ko da yake masu tarihi sun tabbatar da cewa mai taimaka masa, Ted Sorensen, shi ya yi kaso mai yawa na rubutun.

Abin da ya jawo hankalin ƙasashenmu gare shi ya faru ne ranar 2 ga Yuli 1957, lokacin da ya miƙe a majalisar dattawa ya soki yaƙin da Faransa take yi a Aljeriya, ya kuma nemi Amurka ta goyi bayan hanyar da za ta kai ƙasar ga ƴancin kai. Gwamnatin Faransa ta fusata, manyan ƴan siyasar Amurka suka ce yaro ya yi wauta, amma a wannan nahiya tamu sunansa ya yi farin jini tun daga ranar. A 1959 ya zama shugaban ƙaramin kwamitin majalisar mai kula da Afirka. A 1960, bayan ya gana da Tom Mboya na Kenya, gidauniyar gidansu ta bayar da dala 100,000 domin jigilar ɗaliban gabashin Afirka zuwa jami'o'in Amurka, cikinsu har da Wangari Maathai wadda ta ci lambar Nobel a 2004. Ba za a ce duk tausayi ne ba, domin yana neman ƙuri'un baƙar fatar Amurka, yana kuma tsoron kada sababbin ƙasashe su faɗa hannun Tarayyar Sobiyet. To amma ya fahimci cewa mulkin mallaka ya zo ƙarshe tun kafin yawancin takwarorinsa su fahimta.

Babban cikas ɗinsa a zaɓen 1960 shi ne addini. Babu ɗan Katolika da ya taɓa mulkin Amurka, Al Smith da ya gwada a 1928 ya sha mummunan kaye, kuma ana ta yaɗa cewa Fafaroma ne zai riƙa ba shi umarni daga Roma. A watan Satumba ya je birnin Houston ya tsaya gaban limaman Furotesta ya bayyana musu cewa coci ba za ta yi masa magana a harkar mulki ba, shi ma ba zai yi wa coci ba. Muhawarar talabijin da ya yi da Richard Nixon ta ƙara masa kwarjini. Ranar 8 ga Nuwamba ya ci zaɓe da ratar da ba ta kai ƙuri'a 120,000 ba cikin kusan miliyon 69, yana ɗan shekara 43, mafi ƙarancin shekaru a cikin duk waɗanda aka taɓa zaɓa. Sai bayan shekara 60 Amurka ta sake zaɓen ɗan Katolika, wato Joe Biden.

Kwana dubu a kan mulki

An rantsar da shi ranar 20 ga Janairu 1961, kwana uku bayan kashe Patrice Lumumba a Kongo. Ya naɗa ƙanensa Robert ministan shari'a, surukinsa Sargent Shriver kuma ya ba shi sabuwar ƙungiyar ƴan sa-kai ta Peace Corps da aka kafa a watan Maris. Rukunin farko na waɗannan matasa ya sauka Gana a watan Agusta na shekarar, suka iso Nijar a 1962, suka yi ta koyarwa da aikin lafiya da na gona a ƙauyukanmu, da yawansu suka koyi Hausa da Zabarmanci, har zuwa Janairun 2011 da aka janye su saboda matsalar tsaro. Ya karɓi shugabannin Afirka fiye da 20 a fadar White House, cikinsu akwai Kwame Nkrumah, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ibrahim Abbud na Sudan, da Ahmadu Ahidjo, da Ahmed Ben Bella. Shi ne kuma ya amince da bashin da ya taimaka wajen gina madatsar ruwan Akosombo.

Sai dai mutum tara yake bai cika goma ba. A watan Afrilu 1961 ya ba da izinin harin da hukumar leƙen asiri ta CIA ta shirya wa Kyuba da ƴan gudun hijira kusan 1,400, wanda dakarun Fidel Castro suka murƙushe cikin kwana uku. Binciken majalisar dattawa na 1975 ya tona cewa an ci gaba da ƙulla makircin kashe Castro a zamaninsa. A Biyetnam ya tarar da sojojin Amurka masu ba da shawara ƙasa da 1,000, ya bar su sun kai 16,000, kuma gwamnatinsa ta san da juyin mulkin da aka kashe shugaba Ngo Dinh Diem a cikinsa a farkon Nuwamba 1963. A kan Angola ma, ya fara da juya wa Fotugal baya a Majalisar Ɗinkin Duniya, daga baya ya sassauta saboda sansanin sojan Amurka da ke tsibiran Azores. A ɓangaren rayuwarsa ta gida kuwa, neman matan da ya yi, wanda ƴan jaridar lokacin suka rufe, ya fito fili bayan rasuwarsa.

Babbar jarrabawarsa ta zo a watan Oktoba 1962, lokacin da jiragen leƙen asiri suka gano Tarayyar Sobiyet tana girke makamai masu linzami na nukiliya a Kyuba, kusan kilomita 150 daga gaɓar Amurka. Manyan hafsoshinsa suka matsa a kai hari. Shi kuwa, da yake ya riga ya ɗanɗana abin da bin shawararsu ido rufe ke jawowa, sai ya zaɓi tare hanyoyin ruwan tsibirin, ya bar ƙofar magana da Nikita Khrushchev a buɗe. Gini ta Seku Ture da Senigal suka hana jiragen saman Sobiyet shan mai a filayensu. Bayan kwana 13 duniya na zaman ɗar-ɗar, Mosko ta yarda ta kwashe makamanta, Amurka ta yi alkawarin ba za ta mamaye Kyuba ba, sannan a asirce ta amince ta janye nata makaman daga Turkiyya. Daga wannan ne aka kafa layin sadarwa na kai-tsaye tsakanin Washinton da Mosko, aka kuma sa hannu a yarjejeniyar hana gwajin nukiliya a sama da cikin ruwa a watan Agusta 1963. Idan da wannan kaɗai ya yi, ya isa a tuna da shi.

A cikin gida, maganar wariyar launin fata ita ce ta fi nuna jan ƙafarsa. Ya shafe fiye da shekara biyu yana kaffa-kaffa da sanatocin kudancin ƙasar, alhali ana dukan baƙar fata a kan neman haƙƙin zaɓe. Abin kunyar ya shafi har baƙinsa, domin a watan Yuni 1961 an hana jakadan Cadi, Adam Malick Sow, shan kofi a wani gidan abinci na jihar Maryland saboda launin fatarsa. Sai da duniya ta ga hotunan ƴan sandan Birmingham suna sakar wa yara karnuka a watan Mayu 1963, sannan ranar 11 ga Yuni ya fito a talabijin ya bayyana lamarin a matsayin maganar gaskiya da adalci, ya aika wa majalisa daftarin doka. Bai ga zartar da ita ba, magajinsa Lyndon Johnson ne ya sa mata hannu a 1964.

Komawa gida da ƙarshen tafiya

A ƙarshen watan Yuni 1963, bayan ziyarar birnin Balin, ya kai ziyarar kwana huɗu Ayilan, wadda a lokacin ta daɗe da samun ƴancin kanta. Ya yi jawabi a majalisar dokokin ƙasar, ya je Dunganstown ya sha shayi da danginsa a tsakar gidan da kakan mahaifinsa ya baro shekara 114 da suka wuce. A watan Agusta matarsa ta haifi ɗa namiji, suka raɗa masa suna Patrick, ya kwana biyu ya koma.

Ranar Juma'a 22 ga Nuwamba 1963, da ƙarfe 12 da rabi na rana, aka harbe shi cikin buɗaɗɗiyar mota a birnin Dallas na jihar Tekzas, matarsa tana gefensa. Yana da shekara 46, kuma ranar ta yi daidai da cikar shekara 105 da rasuwar Patrick mai haɗa ganguna. An kama Lee Harvey Oswald, amma bayan kwana biyu wani mai gidan rawa, Jack Ruby, ya harbe shi a hannun ƴan sanda. Hukumar Warren ta ce a 1964 Oswald shi kaɗai ya aikata, wani kwamitin majalisar wakilai kuma ya ce a 1979 akwai alamun haɗin baki, shi ya sa har yau gardamar ba ta mutu ba. An binne shi a maƙabartar Arlington a gaban Janar de Gaulle da Sarki Haile Selassie da shugaban Ayilan Éamon de Valera, yayin da wasu ɗaliban makarantar sojan Ayilan suka yi faretin bankwana a bakin kabarin.

Sunan bai kwanta da shi ba. Robert ya zama sanata, ya je Afirka ta Kudu a 1966 ya soki wariyar launin fata, shi ma aka harbe shi a Los Angeles a watan Yuni 1968 yana neman shugabanci. Autansu Edward ya zauna majalisar dattawa daga 1962 har rasuwarsa a 2009, ko da yake haɗarin motar Chappaquiddick na 1969, wanda wata matashiya ta mutu a cikinsa, ya toshe masa hanyar fadar shugaban ƙasa. Eunice ta kafa gasar wasannin masu nakasar ƙwaƙwalwa a 1968, saboda ƴar'uwarsu Rosemary wadda tiyatar ƙwaƙwalwar da mahaifinsu ya sa aka yi mata a 1941 ta nakasa. Jean ta yi jakadanci a Ayilan daga 1993 zuwa 1998. Ɗansa John ƙarami ya mutu a haɗarin jirgin sama a 1999, ƴarsa Caroline kuma ta yi jakadanci a Japan da Ostireliya.

Hausawa suna cewa suna linzami. Wannan gida ya ɗauki sunan da ake rufe wa ƙofa ya mai da shi sunan da ke buɗe ta, da ilimi da dukiya da haɗin kan ƴan'uwa, amma kuma linzamin ya ja ƴaƴan gidan zuwa inda uku daga cikin maza huɗu ba su ga shekara 50 ba. A nan ƙasarmu ma sunan ya samu wani tarihi da mai shi bai sani ba, domin a kan gadar Kennedy ne jami'an tsaro suka buɗe wa ɗalibai wuta ranar 9 ga Fabrairu 1990, uku suka rasa rayukansu, abin da ya share hanyar babban taron ƙasa na 1991. Yau akwai wasu gadoji biyu a Yamai, ta 2011 da ta 2021, amma tsohuwar tana nan tana ɗaukar jama'a safe da yamma. Idan mai karatu ya sake bi ta kanta, muna fata ya tuna cewa sunan da take ɗauke da shi na wani manomi ne da yunwa ta kora daga gonar ubansa, wanda bai mallaki komai ba ranar da ya sauka daga jirgi. Allah ya kai mu fitowa ta gaba lafiya.